Yaba Kyauta Tukwici

Ni Bafulatana ce, da Fulatanci na buɗe baki. Hausa kuwa a layinmu na Herwagana da makarantar allo na tsince ta, shi ya sa akwai karin maganganun da na daɗe ina ji ba tare da na san nauyinsu ba. Ɗaya daga ciki ita ce "yaba kyauta tukwici". Wannan a tsakar gidanmu na gane ta, cikin azumin shekarar 2020.

Mai karatu zai tuna cewa a watan Maris na wannan shekara aka rufe makarantu saboda annobar korona. Ina ajin ƙarshe na sakandare a lokacin, muna shirin jarrabawar WAEC, sai aka ɗage ta. Mu a Gombe ba a yi mana kulle irin na Kano ba. Abin da ya karya gidanmu shi ne hana zirga-zirga tsakanin jihohi, domin Baba direban motar haya ne tsakanin Gombe da Kano, motar kuma ba tasa ba ce. Ranar da ya mayar wa mai ita makulli, a ƙafa ya dawo gida. Azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu, buhun geronmu ya riga ya kusa gindi.

Wanda bai zauna da Fulani ba zai ce, to me ya hana shi neman taimako? Akwai abin da muke kira "semteende", wato kunya, wadda ginshiƙi ce a pulaku. Baba ya gwammace ya kwana da yunwa da ya buɗe baki ya ce babu. Sai ya ɗauki shiru. Da an sha ruwa ya ce ya ƙoshi, ya ja tabarma zuwa zaure. Manya suna zaton yara ba sa lura, alhali su ne suka fi kowa. Autarmu, mai shekara biyar, ta daina wasa, ta koma fitsarin kwance da ta daɗe da bari. Wata rana ina gyaran shimfiɗa na tarar da ƙosai biyu a ƙarƙashin matashinta, sun bushe ƙayau. Da na tambaye ta sai ta ce, "Adda, na Baba ne."

Na gaya wa Dada. Ba ta ce komai ba, amma na ga ta daɗe a madafa.

Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa Bahaushiya da muke kira Goggo, ita ta gano halin da ake ciki, ko ta hayaƙin murhunmu da ya ragu ne, oho. Ba ta aiko da sadaka ba, don ta san za a mayar mata. Sai ta aiko jikarta da tiya uku ta gero, wai bayanta na ciwo, a taya ta surfe da dama kunu, a riƙe rabi ladan aiki. Kowa a layin ya san bayan Goggo lafiya lau yake. Har yau ban ga dabarar da ta kai wannan ba, domin ta ciyar da mu kuma ba ta taɓa mutuncin Baba ba.

Al'ada ce idan yaro ya kawo saƙon kyauta a ba shi tukwici, ko da naira ashirin ce. Dada ta kwance bakin zanenta, babu ko sisi. Sai ta durƙusa daidai tsayin yarinyar, ta yi ta jero godiya da Hausarta mai gargada: an gode, Allah ya ƙara buɗi, Allah ya raya ki, ki ce wa Goggo mun ga gero mai kyau. Yarinyar ta koma ta isar da saƙon kaf. Can sai muka jiyo muryar Goggo ta kan katanga tana cewa, "Haba Dada, ai yaba kyauta tukwici!"

Daga ranar Dada ta kafa mana doka. Bayan buɗa-baki kowa sai ya faɗi mutum ɗaya da yake gode wa a wunin, da Hausa ko da Fulatanci. Ƙanena ya ce mai ruwan da ya bar mana jarka biyu bashi. Ni na ce ƙawata da ta ara mini littafin lissafi. Gaskiya da farko abin wasan yara na ɗauke shi, har ina jin haushi. Baba daga zaure yake saurare. A dare na huɗu Auta ta ce ita Baba take gode wa, saboda yanzu kullum yana gida. Muka yi tsit. Jim kaɗan sai ga shi ya shigo da tabarmarsa, ya zauna, ya ɗora ta a cinya ya ce, "Mi yetti, Inna am," wato na gode, uwata, da yake sunan mahaifiyarsa ta ci. A daren ya sha kunu har kofi biyu.

Ranar 1 ga Yuli aka buɗe hanyoyi, Baba ya karɓo makulli. Mu kuma muka fara WAEC ranar 17 ga Agusta. A tafiyarsa ta farko Kano ya sayo wa Goggo turmin atamfa, aka ba Auta ta kai. Ta dawo da gudu da naira hamsin a hannu, tana cewa Goggo ta ce bayanta ya warke.