LADI KWALI DA DARAJAR GININ TUKWANE

Mu 'yan makaranta daga Taba da ƙauyukan Ikara da Makarfi da Kudan, duk da ruwan randa muka girma. Amma in aka tambaye mu abin da muke so mu zama, sai ka ji likita, lauya, injiniya. Ba mai cewa maginin tukwane. Muna ganin aikin yumɓu aikin wanda bai yi boko ba ne. To, bari mu duba rayuwar wata mace, mu ga ko wannan raini namu yana kan hanya.

An haifi Ladi Kwali wajen 1925 a garin Kwali, ƙasar Gwari. Ba ta shiga aji ba. Tun tana yarinya ta koyi gini wurin wata 'yar'uwar iyayenta. Takan murza yumɓu kamar igiya, ta ɗora wani kan wani, tana zagaya tukunyar tana shafewa har ta tashi. Sa'an nan ta zana ƙadangare da kunama da kifi da kada a jikinta. Sarkin Abuja, Sulaimanu Barau, ya tara tukwanenta a fada. A nan ne wani Baturen Ingila maginin tukwane, Michael Cardew, ya gan su.

Cardew ya buɗe makarantar koyon gini a tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja. A 1954 Ladi ta shiga, ita ce mace ta farko. Ta koyi gini a kan faifai mai juyawa, da shafa ruwan ƙyalli, da gashi a tanderu mai zafin da ya wuce digiri 1,200. Duk da haka ba ta yar da na gida ba. Manyan tuluna da hannu ta ci gaba da gina su, da zanen Gwari. Abin lura shi ne, tulun da aka shafa wa ƙyalli ba ya sanyaya ruwa. Randar iyayenmu tana tsatsafo da ruwa ta ƙananan ƙofofin jikinta, iska ta busar da shi, na ciki ya yi sanyi. Ashe magina sun daɗe da sanin abin da muke karantawa a darasin kimiyya.

Ladi ba ta ɓoye iliminta ba. Wasu mata sun biyo sawunta zuwa makarantar. Ta yi gini a gaban masu koyo a Ingila a 1962, da Amurka a 1972. Hannunta ne allonta. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta. Ta rasu a Minna a 1984. Hotonta ne a bayan takardar naira 20, tana gina tukunya.

Kada mu ce wannan labarin nesa ne. Ga Hunkuyi nan kusa da mu, hedkwatar Kudan, garin magina. Farfesa Abbas Ahuwan, wanda ya koyar da ginin yumɓu a jami'ar Zariya, ya je can ya zauna gaban maginan gargajiya ya ɗauki darasi, ya kai wa ɗalibansa. In farfesa bai ji kunyar zama a ƙasa ba, mu 'yan sakandare me zai sa mu ji?

Yau roba da tukunyar dalma sun cika kasuwanninmu. Maginan sun tsufa, 'ya'yansu kuma suna makaranta tare da mu. Wannan ilimi ba a rubuce yake ba. Inda ake haƙo yumɓu mai kyau, da yadda ake kwaɓa shi, da lokacin da tukunya ta bushe ta isa gashi, duk a ka da hannu suke. Ran da tsohuwa ta rasu ba magaji, sun tafi ke nan.

Saboda haka muna roƙon hukumar makaranta ta riƙa gayyato magina su koya mana a darasin zane da aikin hannu. Mu kuma, in mun je hutu, mu zauna wurinsu da littafi da biro, mu tambaya, mu rubuta, mu sa hannu a yumɓu. Hausawa sun ce sana'a goma maganin mai gasa. Boko da gini ba kishiyoyi ba ne.