Zakunan Hartum Ma Sun Yi Hijira



Shekaranjiya jikana ɗan shekara bakwai ya nuna mini hoto a wayar uwarsa, ya ce, "Kaka, ga zarafa!" Na ce, "To da Hausa fa, maigida?" Ya yi tsuru yana kallona. Da na ce masa raƙumin dawa, sai ya fashe da dariya, wai ina tozon? Ni ma na yi dariyar, amma abin ya tsaya mini a rai. Ina kamarsa na riga na haddace sunayen namun dawa kaf, kuma ban daɗe ba na gan su ido da ido, a wani wuri da yau babu shi.

A Mai Wurno aka haife ni, bakin Bahar ɗin da Larabawa ke kira Nilu Shuɗi, kudu da Sinnar. Garin ya samo sunansa daga Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, wanda ya ja jama'a zuwa gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Kakanninmu ba su zo da dukiya ba, sun zo da allo da tatsuniya. Kullum dare kakarmu na ba mu labarin Gizo da kura da zaki manyan dawa. Kukan kura dai muna jinsa, kada ma ana yi mana kashedinsa in za mu wanka a Bahar. Amma zaki da giwa, sai a baki.

Wajen 1980, ina ɗan shekara goma, Baba ya ɗora ni a kan lorin riɗi zuwa Hartum. Da ya gama ciniki, ya ce, "Tashi mu je ka ga mutanen kakarka." Muka nufi Hadiƙatul Hayawan, wato gidan zu, a titin bakin Nilu, dab da Mugran inda farin Nilu da shuɗi suke haɗuwa, tsibirin Tuti yana tsallake. Turawan Ingila ne suka kafa shi tun farkon shekarun 1900. Ka ga ke nan kusan sa'an garinmu ne.

Gani ya kori ji. Na tsaya gaban kejin zaki na fi rabin sa'a, shi kuwa gogan yana kwance, ko kallo ban ishe shi ba. Na fara cewa a raina ashe kakarmu zuƙi ta yi mana. Sai kawai ya ɗaga kai ya yi gurnani sau ɗaya, na ji shi har cikin hanjina, ban san sa'ad da na maƙale a rigar Baba ba. Muka wuce wajen jimina da birai da barewa, da kadoji sun baje baki a rana kamar itatuwa. Akwai wani dogon tsuntsu da ake ce wa Abu Markub, don bakinsa kamar takalmin markub yake, yana tsaye ƙiƙam kamar alƙalin da aka ɓata wa rai. Kowace dabba muka zo, Baba sai ya faɗi sunanta da Larabci, sa'annan ya ce in maimaita da Hausa. Daga baya na gane ba yawo kaɗai ya kai ni ba, makaranta ya kai ni.

Sai da na girma na san cewa dabbobin ƙasarmu sun riga mu fatauci. Wata raƙumar dawa da aka kama a yankin Sinnar, Muhammadu Ali Basha na Masar ya aika wa Sarkin Faransa ita kyauta. Ta sauka Marsai a 1826, shekarar da ta biyo baya kuma aka taka da ita a ƙafa har Faris, mutane na tururuwar kallonta. Ta rayu can har 1845.

A shekarun 1990 aka tashi gidan zu ɗin, aka watsa dabbobin. A filin ne aka gina dogon otal ɗin nan mai siffar ƙwai, da kuɗin Libiya, aka buɗe shi a 2008. Sunansa Burjul Fatih, daga baya Corinthia, amma mutanen gari ƙwan Gaddafi suke ce masa. Sau nawa na wuce ta gabansa a bas, in ce wa na kusa da ni, "Nan fa zaki yake kwana da." Yara matasa sai su ɗauka zolaya ce. Abin da ya saura sai ƙananan wurare, irin gidan zu na Kuku a Bahri da lambun Ƙurashi.

A lambun Ƙurashi ne, cikin Janairun 2020, hotunan wasu zakuna biyar suka fito, fata da ƙashi, ana ƙirga haƙarƙarinsu. Lokacin mutane ma layin burodi suke yi. Ɗaya daga cikinsu ta mutu. Wani matashi, Usman Salih, ya ɗaga maganar a Facebook, jama'a suka riƙa kai nama da magani, ƙungiyar Four Paws ta ƙasar Ostiriya ta turo likitoci. Daga nan aka kafa wurin ceton dabbobi a Bagir, bakin Jazira, kan hanyar Hartum zuwa Madani. Hanyata ce ta kullum, don haka wata rana na sa direba ya tsaya. Na ga zakanyar da ake kira Kandaka, wadda duniya ta gani tana jan ciki don yunwa, ta murmure ta yi ɓul-ɓul. Wallahi na ji daɗi kamar 'yar uwata ce ta tashi daga jinya.

Sai ga 15 ga Afrilu, 2023. Kowa ya san abin da ya biyo baya. Mu mutane mun sami ƙafar gudu, na cikin keji kuwa babu. A gidan adana halittu na Jami'ar Hartum, dabbobin da ke raye sun mutu a kulle, don babu mai iya isa gare su. A Bagir masu kula sun yi ta fama wata da watanni, nama ya yanke, wasu zakunan suka mutu. A Nuwamba aka kwashe waɗanda suka saura zuwa lambun Um Barona a Madani, inda kowa ke ganin tudun mun tsira ne. Mu ma haka muka zata. A Disamba yaƙi ya shigo Madani, na rufe rumbun riɗi da zoɓo na bar shi, muka kama hanyar gabas da abin da hannu ya iya ɗauka. Zakunan ma aka sake kwashe su, aka kai su Jodan, goma sha ɗaya daga ciki kuma suka zarce Afirka ta Kudu a Fabrairun 2024. Wani abokina ya ce, "Alhaji, zaki ya riga mu samun biza." Muka yi dariya, amma idon kowa ya kawo ruwa.

Ba na ƙyashinsu. Wanda ka tsare, cinsa da shansa suna wuyanka, malamanmu sun sha karanta mana hadisin matar da ta kulle kyanwa. Abin da na koya shi ne, dabbar keji ita ce ma'aunin gari: in ka ga ta rame, to masu ba ta abinci ma sun daɗe ba su ƙoshi ba.

Ga abin da nake roƙonku. Duk garin da fatauci ko gudun hijira ya jefa ku, in akwai gidan zu, ku ware yini guda ku kai yara. In Kano ne ga na Audu Bako. Ku tsaya gaban kowane keji ku faɗa musu sunan da Hausa: dorina, ɓauna, gwanki, damisa, gauraka. Kuɗin shiga bai kai ribar buhu ɗaya ba.

Ni kuwa na yi wa jikana alkawari. In Allah Ya kawo zaman lafiya, zan kai shi gandun dajin Dindir, wanda aka keɓe tun 1935, gabas da garin kakanninsa. Da rani ake zuwa, sa'ad da ɓauna da mugun dawa ke taruwa a bakin fadamun da ake kira maya. Raƙumin dawa dai ya ƙare a can tuntuni, wannan sai dai ya riƙe sunan. Jiya na gwada shi, ya faɗa daidai, amma har yanzu yana nan kan bakansa cewa an cuci raƙumi da aka ba marar tozo sunansa.

Allah Ya zaunar da Sudan lafiya, Ya mai da kowa ɗakinsa.