Abin da Na Koya Wurin Makaɗan Amurka

Ran da na fara gwajin koyarwa, yara suka yi ta gyangyaɗi. Na komo ɗaki raina a ɓace, har na ce zan bar aikin malanta. Da dare na sa wani tsohon faifan mahaifina na ƙungiyar Kool & the Gang, sai labarinsu ya faɗo mini a rai.

Samari bakwai ne suka kafa ta a Jersey City ta Amurka cikin 1964, har da wa da ƙane, Robert da Ronald Bell. Gwanayen busa da kiɗa ne, amma ba su da tsayayyen mawaƙi. "Jungle Boogie" ta 1973 ta ɗaukaka sunansu. Sa'ad da kiɗan disko ya kankama, sai kasuwarsu ta faɗi. Ba su nace wa tsohon salo ba. Cikin 1979 suka ɗauko mawaƙi, J.T. Taylor. "Celebration" ta 1980 kuwa har ta zama ta ɗaya a Amurka.

To, 'yan'uwa ɗalibai, in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Kashegari na ajiye dogon bayani, na shiga aji da tambayoyi da tsakuwoyin ƙirga. Yara biyu kaɗai suka yi barci.