Ɗinkin Ƙwarya: Kwana Biyar a Damari

Asabar

Na iso gida da la'asar, na tarar ana sussukar masara. Bayan isha'i ƙanena ya dawo daga ramin zinare, ya ɗora mini farin dutse a tafin hannu. A jikinsa akwai ɗigon rawaya, bai kai ƙwayar gero ba.

"Yaya, kai da kake koyar da labarin ƙasa, me ya sa zinare yake bin layi ɗaya, kudu da arewa?"

Na ce sai na ga ramin da idona.

Lahadi

Da safe Inna ta kawo mini fura a tsohuwar ƙwaryarta da gyartai ya ɗinke. Na daɗe ina shafa ɗinkin. Haka Allah ya yi ɓawon duniya: ba dunƙule yake ba, manyan ɓangarori bakwai ne da ƙanana da dama, suna zaune a kan dutse mai zafi da ke motsi a hankali. A shekara ɓangare kan gusa 'yan santimitoci, kwatankwacin tsiron farce. A bakin ɗinki ake yin komai: ko su rabu, ko su yi karo, ko su gogi juna.

Litinin

Yaran gida sun taru a zaure. Na shimfiɗa tabarmi biyu, na ja su baya. Na ce ga Bahar Maliya da alhazanmu ke tsallakawa, har yau faɗi take ƙarawa tsakanin Afirka da ƙasar Larabawa. Haka Kudancin Amurka ta rabu da mu fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, Tekun Atlantika ya shiga tsakani. Kwarin Binuwai tsaga ce ta wancan zamani da ba ta ƙarasa ba.

Na tura tabarmin suka haɗu, tsakiya ta tattare ta yi tozo. Na ce ga duwatsun Himalaya, inda Indiya ta bangaji Asiya. Da Bajamushe Alfred Wegener ya faɗi a 1912 cewa nahiyoyi suna tafiya, masana ba su yarda ba, sai wajen shekarun 1960.

Talata

Mun yi sammako zuwa rami. A bangonsa duwatsu sun jeru falle-falle a tsaye, farar jijiya ta ratsa su. Na ce wa ƙanena ga amsarka. Kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, tsohuwar ƙasar Afirka ta Yamma ta yi karo da ƙasar da ke gabashinta. Duwatsun nan suka matsu, suka naɗe, suka tsage. Ruwan zafi ya taso ta tsagar ɗauke da ma'adinai, ya huce, ya bar farin dutse da zinare. Matsi ya zo ta gabas da yamma, shi ya sa layin ya kwanta kudu da arewa. Tsagar Kalangai ta bi ta ƙasarmu ta Birnin Gwari, Anka ma tana da tata.

Ya yi shiru, sannan ya ce arzikin da ke ciyar da mu shi ne kuma 'yan bindiga ke kwaɗayi. Mun tuna gudun hijirar da suka sa mu yi a 2022, kowa ya sunkuyar da kai.

Laraba

Kawu ya ji abin da na faɗa wa yara, ya tare ni a ƙofar masallaci: "Ɗana, ashe ƙasar nan za ta girgiza?"

Na ce Kawu, muna tsakiyar ɓangaren Afirka, nesa da bakin ɗinki. Turkiyya da Siriya a baki suke, shi ya sa girgizar 6 ga Fabrairu 2023 ta kashe mutum fiye da 50,000. Amma tsohon tabo yakan motsa: Kwoi ta ji a Satumba 2016, Mpape ta Abuja a Satumba 2018.

Ya ce Allah ya kiyaye, na ce amin.

Da zan hau mota, ƙanena ya cusa mini dutsen a aljihu. "Kai wa ɗalibanka, Yaya. Ka ce musu daga Damari yake."