Fitilar da Mai Ita Ba Ya Gani

Kusan duk abin da maƙera suka sanya a jikin mota, in mutum ya duba da kyau, don amfanin wanda ke cikinta aka yi shi. Kujera don ya zauna ce, gilashin gaba don ya kare shi daga iska da ƙura, manyan fitilu don ya ga hanya, birki kuwa don ya tsira da ransa. Amma akwai wasu 'yan ƙwayaye can a ƙeyar mota waɗanda direba ba ya ganin haskensu yana tuƙi, ko da zai shekara arba'in a kan sitiyari. Su ne fitilun birki, waɗanda direbobi da 'yan kamasho ke kira danja. Haskensu na wani ne, wato mutumin da ke biye da kai, wanda ba ka san sunansa ba, ba ka san garinsu ba, wataƙila ma ba za ku sake haɗuwa ba har abada. Da wannan ɗan jan haske kaɗai kake iya ce masa: ga shi zan tsaya, yi hattara.

Mai karatu zai iya cewa wannan ai ƙaramin abu ne, bai kai a ɓata masa takarda a mujallar jami'a ba. To, bari mu yi ɗan lissafi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a cikin daƙiƙa ɗaya. Idan danjar ta gaba ta kama, nan take na baya zai ɗaga ƙafa daga totur. Idan kuwa ba ta kama ba, sai ya jira idonsa ya lura cewa motar gaban tana ƙara girma, sa'annan ƙwaƙwalwa ta gaya wa ƙafa abin yi. Daƙiƙa ɗaya da ta salwanta a wannan jira ta fi tsawon motoci biyar da aka jera. In aka haɗa da dare, ko ruwan sama, ko hazon hunturu, to abin sai addu'a.

A wurin kawuna na fara sanin darajar danja. Shi direban babbar mota ne, Mercedes 911, yana ɗaukar goro daga Shagamu zuwa Kano a shekarun 1980, ta Ibadan da Ilorin da gadar Jebba. Nakan bi shi lokacin hutun makaranta. Kowace asuba kafin a tashi, bayan an duba ruwa da baƙin mai da iskar taya, sai ya hau ya zauna, yaron motarsa ya zagaya baya ya tsaya. Daga can yaron zai ɗaga murya ya ce, “Maigida, taka!” Kawu ya taka. Yaron ya ce, “Dama ta kawo, hagu ta kawo!” Sai an yi wannan kiranye sa'annan mota za ta motsa, komai gaggawar masu kaya, alhali kowa ya san goro ba ya son jinkiri. Wata rana wani fatake ya ƙosa, ya ce wa Kawu, “Haba direba, ai rana ta fito, wa ke bukatar fitila?” Kawu bai ko juyo ba ya ce, “Alhaji, ba taka ba ce, ba tawa ba ce. Ta wanda zai biyo mu ce, kuma bai ba ni izinin in kashe masa ita ba.” A lokacin dariya maganar ta ba ni. Sai da na mallaki motar kaina na fahimci cewa Kawu ya ɗauki danja a matsayin kayan wani da aka ba shi ajiya.

Wannan al'ada tasa na gada, ko da yake ni ba ni da yaron mota, sai 'ya'ya. Duk ranar Asabar ɗaya daga cikinsu kan taka mini birki in duba. Sai dai ƙwan fitila ba ya jiran Asabar kafin ya mutu. Wata Laraba da yamma, ina dawowa daga aiki a nan Ibadan, na shiga cunkoson Mokola, ana tafiya ana tsayawa, sai na ji ƙarar taya a bayana ta hagu, sa'annan aka ƙwanƙwasa gilashi. Wani ɗan acaɓa ne, saurayi, da jin harshensa ɗan Arewa ne, ya goyo wata mata, ita kuma ta goyo jariri. Na sauke gilashi ina jiran zagi, domin a kan titi ba a cika ƙwanƙwasa wa mutum gilashi don alheri ba. Sai ya ce, “Baba, sannu. Danjarka ta hagu ta mutu. Saura ƙiris in shige maka.” Kafin in gama yi masa godiya ya kutsa tsakanin motoci ya ɓace. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kan jaririn nan da ke lilo a bayan uwarsa. Ta dama tana aiki, gaskiya ne, amma mai babur da ya raɓo ta gefen hagu, wata motar ta tare masa rabin bayana, ba abin da yake gani sai fitilar hagu. A wurinsa motata ba ta da danja ko ɗaya.

Da na isa gida ban ko cire hula ba na buɗe but. Yana da kyau mutum ya san ta inda zai fara, don kada a je neman ƙaiƙayi a ƙare da ƙari. Idan fitila ɗaya ce ta mutu, sauran suna aiki, to galibi laifin ƙwai ne. Idan dukkansu suka ɗauke lokaci guda, da wuya a ce ƙwayayen sun haɗa baki. Sai a duba fiyus, ko kuma ɗan makunnin da ke maƙale a saman sandar birki, wanda shi ke sakin wuta duk lokacin da aka taka. Idan kuwa an taka birki sai sigina ta riƙa haske dishi-dishi tare da danja, to wayar da ke mayar da wuta jikin ƙarfen mota ce ta saki ko ta yi tsatsa, wannan kuma aikin mai wayarin ne. Nawa dai mai sauƙin ne.

Na kashe mota, na zare mabuɗi. Ta cikin but akwai wani murfin roba a bayan gidan fitilar. Na ɓalle shi, na murɗa mariƙin ƙwan zuwa hagu, ya fito da wayoyinsa. A wasu motocin sai an kwance sukurori biyu ko uku da sukundireba an zaro gidan fitilar gaba ɗaya, amma dabarar duk ɗaya ce. Shi kansa ƙwan ba a fizgarsa. Akan danna shi ciki kaɗan, a murɗa hagu, sai ya saki da kansa.

Na ɗaga shi sama ina dubawa a sauran hasken yamma. Gilashinsa ya yi baƙi-baƙi ta gefe guda, kamar tukunyar da ta daɗe a murhu. Irin wannan ƙwai, wanda tsofaffin motoci da yawa ke amfani da shi, zare biyu gare shi a ciki. Ɗaya mai wat 5 ne, shi ke ba da ɗan jan hasken da ke kunne duk dare idan an kunna fitilu. Ɗayan mai wat 21 ne, shi ne na birki, mai haske sosai. Wannan ne ya sa mutane da dama ke ruɗuwa: su zagaya bayan mota da dare, su ga ja a dama ja a hagu, su ce lafiya lau, alhali zaren birkin ya daɗe da tsinkewa. Nawa ma haka yake, ƙaramin zaren lafiyarsa ƙalau, babban ya rabu biyu, guntunsa yana rawa.

Zaren nan da wani ƙarfe ake yin sa mai suna tangistin, wanda ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 3,422 a ma'aunin Salshiyos. Duk lokacin da aka taka birki, zaren kan yi zafin da ya haura digiri 2,000, ya huce, a sake takawa ya sake ɗauka. A hankali ƙarfen yana ƙonewa yana mannewa a jikin gilashi, shi ne baƙin da ake gani, zaren kuma yana sirancewa, har ranar da wani rami a kan hanya zai girgiza shi ya tsinke. Wanda ya san cunkoson garuruwanmu da ramukan titunanmu ba zai yi mamakin mutuwar ƙwai ba; sai dai ya yi mamakin daɗewarsa.

Na riƙe mataccen na tafi da shi wurin mai kayan gyara da ke bakin layinmu, domin da tsohon ake sayen sabo. Ƙwayaye suna kama da juna, amma ba ɗaya ba ne. Akwai mai zare ɗaya, akwai mai biyu. Akwai na bolt 12 na ƙananan motoci, akwai na bolt 24 na manya irin ta Kawu. Kuɗinsa bai kai na kwanon shinkafa da miya a wurin cin abincin jami'a ba. Biyu na saya, don masu iya magana sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Na dama da na hagu tare suka yi ta aiki, wanda ya rage ma ya kusa.

Wajen mayarwa akwai wani abin lura. A gindin ƙwan akwai 'yan ƙusoshi biyu, ɗaya ya ɗan fi ɗaya tudu, don kada ya shiga sai ta fuska guda. Idan ya ƙi murɗuwa, ba ƙarfi yake so ba, juya shi ake yi a sake gwadawa. Wanda ya tura shi da ƙarfin tsiya ya shiga a juye, to ya musanya zaren: mai hasken zai riƙa ci duk dare kamar an taka birki, in an taka na gaske kuma da ƙyar a ga bambanci. Na kankare ɗan koren tsatsar da ke cikin gurbin, na sa sabon, na danna, na murɗa dama, na ji ya zauna. Duka-duka aikin bai ci minti goma ba.

Saura mataki na ƙarshe, wanda shi ne mutum ba ya iya yi shi kaɗai. Ƙafa tana gaba, fitila tana baya, ido kuwa ba ya ganin ƙeya. Akwai dabaru, ba shakka: wasu kan ja mota da baya kusa da bango da dare su hangi jan haske ta madubi, wasu kan tokare birki da sanda su zagaya. Amma ni na fi son ta Kawu. Na kira babbar 'yata, wadda a lokacin take koyon tuƙi, na ce ta shiga ta murɗa mabuɗi. Na tsaya a baya na ce, “Taka!” Jan haske ya wanke mini gaban riga. Ta leƙo ta taga ta ce, “Baba, ta kawo?” Na ce, “Ta kawo. Saki. Sake takawa.” Sa'annan na ce mu yi musaya, ni na shiga, ita ta koma baya, don ta ga da idonta bambancin hasken dare da na birki, ta kuma san abin da na bayanta zai riƙa karantawa a jikin motarta in ta fara hawa titi.

Maƙera motoci da hukumomi sun daɗe da sanin nauyin wannan ɗan haske. A Amurka, tun daga ƙananan motocin shekarar 1986 aka wajabta ƙara danja ta uku a sama, a tsakiya, daidai inda idon na baya ke sauka. Motocin zamani da yawa kuma sun bar ƙwai mai zare sun koma ga fitilun da ake kira LED, waɗanda suka fi daɗewa, suka kuma riga mai zare kamawa da kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. A gudun kilomita 100, wannan ɗan taƙi ya haura mita 5, wato tsawon mota guda. Sai dai irin waɗannan in suka lalace, sau da yawa sai an sake gidan fitilar dungurungum, abin da ya fi ƙarfin aljihun malamin makaranta. A nan gida kuwa, tun 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, kuma duba fitilu yana cikin aikin jami'anta. Amma jami'i nawa za a zuba a hanya kafin a tsaya bayan kowace mota? Wanda zai fara ganin matacciyar danja kullum shi ne wanda ke biye da ita.

Saboda haka nake ganin haƙƙin nan kashi biyu ne. Na gaba ya wajaba ya duba, ya gyara, ya ajiye ƙwai ɗaya a aljihun mota saboda bacin rana. Na baya kuma, in ya gani, kada ya ce ina ruwana. Yawancinmu mukan ga motar da danjarta ta mutu, mu yi tsaki, mu ce dubi wani sakarai, mu wuce shi, mu bar shi da wanda zai biyo bayanmu. Alhali sau tari bawan Allah bai sani ba ne, ba kuma yadda za a yi ya sani sai an gaya masa. Tun daga wannan lokaci, in cunkoso ya tsayar da ni kusa da irin wannan mota, nakan sauke gilashi in yi sallama, in faɗa da Hausa ko da Yarabanci ko da nuni da hannu. Wani ya yi godiya, wani ya harare ni, wani ya ce ya sani. Duk ɗaya ne a wurina, domin wanda nake yi dominsa yana can baya, bai iso ba tukuna.