Ɗigon Jini da Lantarki: Kwanakin Azumi a Limawa

Asabar

Likita ya amince Baba ya yi azumi bana, amma da sharaɗi. Za a riƙa auna sugansa kafin sahur, da tsakar rana, da gab da shan ruwa. In ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, ya karya nan take. Da yake ni ne a kusa, aikin ya faɗo a kaina. Baba ya so ya yi gardama, wai huda yatsa zai ɓata masa azumi. Na ce, "Baba, ɗigo ne kawai, malamai sun ce ba ya karyawa." Bai gamsu ba sai da ya tambayi liman bayan azahar. Da ya dawo ya miƙo mini yatsa, bai ce uffan ba. Na'ura ta nuna 118.

Lahadi

Ɗan yayata da ke karatu a Jami'ar Fasaha ta Tarayya ya zo daga Gidan Kwano shan ruwa. Ya ga zan jefar da tsinken gwajin da muka yi amfani da shi, ya ce, "Kawu, dakata, ka san abin da ke cikinsa?" Ya sa reza ya ɓare shi a kan faranti. A ƙarƙashin ledar akwai baƙaƙen layuka sirara, da wata 'yar hanya da jini ke tsotsuwa ya bi, a ƙarshenta kuma wani busasshen tabo da da ƙyar ido ke ganinsa.

Sai ya shiga madafi ya ɗauko albasa mai baƙar funfuna a ƙarƙashin ɓawo. Ya ce daga jinsin wannan funfunar ake samun sinadarin enzayim da ke cikin tsinkaye da yawa. Da jini ya taɓa tabon, enzayim ya kama sugan ya ƙwace masa lantarki, wani sinadari na biyu ya karɓa ya kai wa baƙin layin, kamar dillali tsakanin mai kaya da mai saye. Na'urar ita kuwa ƙarfin wutar da ta iso kawai take aunawa. Suga da yawa, wuta da yawa. Cikin daƙiƙa biyar an gama.

Wani Ba'amurke, Leland Clark, shi da abokin aikinsa Champ Lyons ne suka bayyana dabarar a 1962. Na'urar farko da aka sayar a kan wannan tsari ta fito a 1975, ta ɗakin gwaji ce, sai an ɗora ta a tebur. Sai a 1987 aka sami mai kamar alƙalami da mutum zai sa a aljihu. Baba yana sauraro yana jan carbi. Ya ce, "Ikon Allah. Abin da muke kankarewa a jikin albasa."

Litinin

Zafi ya kai intaha, kuma babu wuta tun safe. Na zauna na karanta takardar da ke cikin kwalin tsinkayen: kada a ajiye su inda zafi ya wuce digiri 30, a rufe gwangwanin da zarar an zaro guda. A Minna, a watan Maris, rana kan doshi digiri 40. Enzayim daga abu mai rai ya fito, zafi da laima suna kashe masa ƙarfi. Na mayar da gwangwanin ɗakin tsakiya, cikin akwatin katako, nesa da randa.

Talata

Yau raina ya ɓaci. Wata maƙwabciyarmu ta je wani kemis a yi mata gwaji, aka ba ta lambar da ta tayar mata da hankali, ta shigo gidanmu tana salati. Muka sa ta wanke hannu da sabulu, muka gwada da tamu, lambar ta yi nisa da waccan. Da yamma na bi ta wurin. Gwangwanin tsinkayen yana kan kanta a buɗe, hasken rana yana dukansa, ana zaro ɗai-ɗai ana yi wa mutane. Na yi wa yaron shagon magana cikin lalama, ya ce haka ya tarar ana yi. Mutanen da ke zuwa can ba su da halin sayen gwangwani guda ne, na'urar ma ba ita ce mai tsada ba, tsinken ne ke cin kuɗi kullum. Na shawarci maƙwabciyar ta je asibiti a tabbatar.

Laraba

A wurin alwala na lura da wani farin faifai manne a bayan damtsen wani dattijo, bai fi kwabo girma ba. Ya ce ɗansa ne ya aiko masa. Irin na FreeStyle Libre ne, wanda ya fara fita a Turai a 2014: wani siririn zare mai tsawon kusan milimita 5 yana shiga ƙarƙashin fata, yana auna sugan ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin halitta dare da rana, waya kuma tana karantawa. Bayan kwana 14 sai a cire a sa sabo.

Wannan kwana 14 ɗin ne ya hana ni barci bayan asham, na shiga karatu kan yadda jiki da na'ura ke haɗuwa. Ashe kowace ƙwayar jijiya a jikinmu tana riƙe da 'yar wuta, wajen kashi 70 cikin dubu na bolt ɗaya, tsakanin cikinta da wajenta. Tun 1791 Luigi Galvani na Italiya ya wallafa yadda ƙafar mataccen kwaɗo ke harbawa in an taɓa jijiyarta da ƙarfe. Amma wutar jiki gishiri ne ke ɗauke da ita, sodiyam da fotashiyam masu shiga da fita ta fatar ƙwayar a cikin ruwa, ta na'ura kuwa cikin busasshen ƙarfe take gudu. Duk wahalar wannan fanni tana wurin da biyun suka haɗu. A 1991 Peter Fromherz a Jamus ya ɗora ƙwayar jijiya guda ta matsattsaku a kan tiransisto ta silikon, na'urar ta ji bugun ƙwayar ba tare da ta huda ta ba. A 2022 masu bincike a Melbon ta Ostareliya suka raini ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan 800,000 a kan faranti mai wayoyi, har suka riƙa sarrafa wani sauƙaƙan wasan kwamfuta mai suna Pong.

Sai dai jiki ba ya son baƙo. Duk abin da aka cusa masa, sai ya lulluɓe shi da furotin, daga baya da tabo, har sautin ƙwayoyin ya dushe. Inda aka ci nasara sosai shi ne kunne. A 1978 Graeme Clark, shi ma a Melbon, ya dasa wa wani kurma na'ura mai wayoyi da yawa a can cikin kunne, tana aika sauti kai tsaye ga jijiyar ji. Na tuna yaran da sanƙarau ke kurmantawa a irin wannan lokaci na zafi, na daɗe ina juyi.

Alhamis

Bayan la'asar na ga Baba ya yi shiru, gumi yana tsattsafo masa a goshi, hannunsa yana rawa a kan carbi. Na gwada: 64. Na ce, "Baba, sai haƙuri, lafiya uwar jiki." Ya dubi agogo, saura ƙasa da awa biyu a sha ruwa. Idonsa ya ciko. Inna ta kawo dabino da ruwa ta durƙusa gefensa, ta ce, "Malam, Allah Ya ga niyya." Ya karɓa. Bayan minti 15 na sake gwadawa, ya hau 92.

Juma'a

Ɗan yayata ya kira yana tambayar jikin Baba, hira ta kai mu ga ruwan sha. Ya ce akwai na'urorin da ƙwayar cuta mai rai ce sukutum a cikinsu. Masu bincike a Suwizalan da Jamus sun sauya halittar wata bakteriya yadda za ta yi haske in ta haɗu da gubar asenik, ƙaramar na'ura kuma ta auna hasken, an gwada su a rijiyoyin Bangaladash da Biyetnam. Ana ƙoƙarin yin irin haka don dalma.

Nan take na tuna 2015, lokacin da gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara 28 a ƙaramar hukumar Rafi, nan jiharmu, shekara biyar bayan ta Zamfara da ta ci yara sama da 400. Ba a gane ba sai da yara suka fara mutuwa. Da akwai abin gwaji mai araha a hannun ma'aikacin lafiya na ƙauye, da an ga gubar a ƙasa da ruwa tun da wuri.

Jami'ar Fasaha ta Tarayya tana garinmu tun 1983, tana da masu nazarin ƙananan halittu da injiniyoyin lantarki a harabobinta na Bosso da Gidan Kwano. Roƙona gare su shi ne su haɗa kai su yi mana tsinken gwajin da zai jure zafin Maris a kan kantar kemis, wanda mai sayar da ƙosai a Limawa za ta iya saye, su kuma yi mana na ruwan rijiya. Gwamnatin jiha da masu hannu da shuni su sa kuɗi a aikin. Kai kuma mai karatu, in akwai mai ciwon suga a gidanku, yau ka duba ranar ƙarewar tsinkayensa, ka tabbatar murfin gwangwanin a rufe yake.