Faiba a Cikin Leda: Bari Iska Ta Danne Maka Aikin

Ɗan'uwa, in kana hawan Boxer tsakanin Kaura Namoda, Shinkafi da Zurmi, ka san murfin gefe da madigadi ba sa daɗewa. In sun fashe, ko dai a ɗinke da waya, ko a jira mai zuwa Gusau. A halin da hanyoyinmu suke ciki kuwa, ba wanda zai kama hanya saboda roba ɗaya. Shi ya sa na koma buga irin waɗannan da faiba a gida.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, ƙarfin faiba a zaren yake, ba a rezin ba. Wanda ya lafta rezin da yawa, abin nasa zai yi nauyi, kuma da ya bugu sai ya tsage. Aikin leda ke nan. In ka zuƙe iskar ciki, iskar waje za ta danne kowane lungu da nauyin da ya kai kusan kilo 1 a kan kowace murabba'in santimita. Wato abu mai santimita 30 tsawo, 30 faɗi, zai iya shan dannin da ya doshi kilo 900. Rabin hakan ma ya ishe ka. Da wannan dabarar ake ƙera ƙananan jiragen ruwa a Turai.

Ga tsarin. Ka fara fitar da mazubi daga jikin murfi mai lafiya. Ka shafe mazubin da kaki sau uku ko huɗu, don kada aikin ya manne. Sai ka shimfiɗa zaren faiba, ka jiƙa shi da rezin da burushi. A kai ka ɗora yadin nailan, sannan leda mai ƙananan huji, sannan tsohon bargo da zai shanye rarar rezin. Ka zura duka cikin leda mai kauri, ka liƙe bakin da gam ɗin gilashin mota.

Injin zuƙa fa? Kwamfuresar tsohon firiji ta wadatar, ka nema wajen masu gyara. Amma ka sa kwalba mai tiyo biyu a tsakani, don kada rezin ya shige mata.

Babban abokin gabarka a nan zafi ne. Hadna, wato ruwan da ke sa rezin daskarewa, kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ake sawa. A watan Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, ka tsaya a kashi 1, mililita 10 a lita guda, ka auna da sirinji. Ni da sanyin safiya nake yi, kuma ba na kwaɓawa sai komai ya zama a yanke. Ka tanadi janareta ko sola, domin in aka ɗauke wuta kafin ya daskare, danni ya tafi.

Don Allah ka kula: hadna na makantarwa, ka sa tabarau da safar hannu. Ka yi a fili, nesa da murhu da yara, ka sa takunkumi lokacin goga.

Ka fara da ƙaramin abu, in hannu ya faɗa sai madigadi. Allah ya sa albarka a nema.